Gida a Gaba ko Gida a Baya: Sauya Ƙirar Bindiga da Tsaron Anka, Gummi da Bukkuyum

Cikin hunturun da ya gabata na biyo motar haya daga Gummi zuwa Anka. Bayan mun wuce Ɗaki Takwas sai muka tarar da jami'an tsaro a gefen hanya, wasu a bayan a-kori-kura, wasu a ƙasa. Yawancinsu suna rataye da bindigar da ko yaro a wannan yanki ya san siffarta, wato AK-47. Amma biyu daga cikinsu suna riƙe da wata gajeruwar bindiga baƙa, wadda gidan harsashinta yake can baya, kusa da hammatar mai riƙe da ita. Wani dattijo da ke zaune kusa da ni ya nuna ta da haɓa, ya ce in dai irin wannan aka fara kawowa, to ɓarayin daji sun kusa shan kashi, kuma abin da ya rage shi ne gwamnati ta karɓe tsofaffin ta raba wa kowane soja sabuwar. Duk motar aka yi na'am da maganarsa. Ni ma a lokacin ban musa ba, domin wanda ya saba kwana da ƙarar harbi a kunne ba ya son a rage masa ɗan fatan da ya samu. Sai dai tun daga ranar maganar take yi mini kai-kawo a zuci, kuma bayan karatu da tambaya na tsaya a kan ra'ayin da ya saɓa wa na dattijon.

Ra'ayin nawa shi ne, sauya ƙirar bindigar da ke hannun mayaƙi ya fi sayen sabon ƙarfe nauyi nesa ba kusa ba. Wanda ya sauya ƙira ya taɓa abin da hannun soja ya saba da shi, ya taɓa hanyar da harsashi yake bi kafin ya iso bakin daga, ya kuma taɓa ilimin mai gyara. Ƙasar da ke tsakiyar yaƙi irin wanda ake yi a dazuzzukan Anka da Bukkuyum da Gummi, in ta yi gaggawar wannan sauyi, ko ta riƙa yawo da sojanta tsakanin ƙira biyu, yau wannan gobe waccan, to da ran sojan za ta biya, da kuma ran ƙauyawan da aka turo shi ya tsare.

Siffofin biyu

Tunda mujallar nan ta harshe ce, ya dace a fara da suna. Turawa suna kiran gajeruwar ƙirar bulfof, kalmar da ba ta faɗa wa Bahaushe komai. A wannan maƙala zan kira ta mai gida a baya, in kira wadda aka saba da ita mai gida a gaba. Gidan da nake nufi shi ne gidan harsashi, wanda sojoji suke kira magazin.

A bindigar da aka saba gani, kamar AK-47 da G3 da FN, sassan suna jeruwa ne kamar haka: gindi da ake tokarawa a kafaɗa, sai mariƙi da kunama, sai gidan harsashi a gaban kunamar, sannan bututu ya miƙe. Gindin nan, ko na katako ne ko na roba, babban aikinsa shi ne tokare kafaɗa. Masu ƙirar gida a baya suka ga wannan ɓarnar wuri ce. Sai suka kwashe kayan cikin bindigar da ke cusa harsashi da fitar da kwanso, suka mayar da su cikin gindin, suka tura mariƙi da kunama gaba. Da haka bindiga ta gajarce ba tare da an rage mata bututu ba, kuma tsawon bututu yana daga cikin abubuwan da ke ƙara wa harsashi gudu da nisa. Alƙaluma sun fi baki bayani a nan. AKM, wato samfurin AK da ya fi yawa a duniya, tsawonta santimita 88 ne, bututunta kuwa bai kai 42 ba. Tavor TAR-21 ta Isra'ila, wadda aka sha gani a hannun jami'an tsaro na farin kaya da wasu rundunonin musamman na Nijeriya, tsawonta santimita 72 ne kacal, amma bututunta ya kai 46. Ke nan ta fi AKM gajarta da kusan taƙi guda, ta kuma fi ta tsawon bututu.

Dabarar ba ta jiya ba ce. Tun a 1951 Ingila ta amince da wata mai gida a baya da ake kira EM-2, kafin gwamnatin Churchill ta soke shawarar domin ƙasar ta yi amfani da harsashi iri ɗaya da ƙawayenta na ƙungiyar NATO. A ƙarshen shekarun 1970 Ostiriya ta ɗauki Steyr AUG, Faransa ta ɗauki FAMAS. Ingila ta dawo ga wannan ƙira a 1985 da SA80, Sin ta fito da QBZ-95 a bainar jama'a a 1997 lokacin da ta karɓi Hong Kong, Isra'ila kuma ta biyo baya da Tavor a farkon shekarun 2000.

Inda dattijon yake da gaskiya

Ba zan yi wa mai gida a baya rashin adalci ba, domin ƙasarmu ta nuna amfaninta fiye da ƙasashe da yawa. Yaƙin yammacin Zamfara yaƙin babur ne. Ɓarayin daji suna fitowa bibbiyu ko uku-uku a kan babur guda, kuma hanyoyin da ke shiga Bagega ko Gwashi, musamman da damina, ba kowace mota take iya bin su ba, don haka su ma jami'an tsaro dole su hau babur. Wanda ya taɓa goya mutum mai doguwar sanda a cikin sabara da ƙaya ya san yadda take sarƙewa. Haka kuma wanda aka yi wa kwanton ɓauna yana cikin mota, da mutum shida ko takwas a matse, tsawon abin da ke hannunsa yana iya zama tazarar da ke tsakanin ya mayar da martani da ya makara. A cikin ƙauye ma, lungunanmu ƙunƙuntattu ne, ƙofar zaure gajeruwa ce, sai an sunkuya ake shiga. Bugu da ƙari, nauyin mai gida a baya yana komawa wajen kafaɗa, shi ya sa riƙe ta a miƙe na tsawon lokaci bai cika gajiyar da hannu ba.

Duk wannan gaskiya ne. Sai dai matsalar tsawo tana da tsohon magani a cikin dangin AK kansu, wato samfurin da ake naɗe gindinsa. In an naɗe, tsawonsa bai kai santimita 70 ba, kuma sojan da ya iya AK ya riga ya iya shi. Ba a harbi mai kyau da gindi a naɗe, wannan na yarda, amma hawa babur da fita daga mota sun sauƙaƙa ba tare da an koya wa kowa sabon karatu ba.

Abin da hannu ya sani

Kawuna tsohon soja ne, ya yi aiki a zamanin da FN take hannun yawancin dakarunmu, ya kuma ga lokacin da AK ta mamaye wurinta. Da na ba shi labarin dattijon nan, bai yi mini dogon bayani ba. Ya ce in tambayi duk ɗan acaɓar da ya bar babur ɗin da ya shekara biyar a kai ya hau wani mai tsarin giya dabam. In hanya shiru ce, zai tuka lafiya, domin yana tuna cewa wannan gaba ake takawa, wancan baya. Amma ranar da akuya ta faɗo masa kwatsam, ƙafarsa tsohon babur za ta tuna. Ya ce su da suka bar FN zuwa AK, duka biyun gidansu a gaba yake, amma duk da haka sai da suka ɗauki lokaci yatsansu yana neman makullin kariya a gefen hagu, inda FN ta ajiye shi, alhali na AK yana dama.

Wannan shi ne ƙashin bayan maganata. Horon soja, in an tace shi, maimaici ne har sai hannu ya daina jiran umarnin ƙwaƙwalwa. Ana sa kurtu ya cire gidan harsashi ya mayar, ya ɗana, ya warware cushewa, sau ɗaruruwa, domin an san cewa a lokacin tsoro tunani yana ƙuntata, yatsu suna yin nauyi, abin da ya rage wa mutum shi ne abin da jikinsa ya haddace. Sojan da ya shekara goma da AK, in harsashinsa ya ƙare cikin duhu, hannunsa gaban kunama zai nufa. A mai gida a baya babu komai a wurin. Gidan yana ƙarƙashin hammatarsa, maɓallin sakinsa yana wani wuri dabam, yadda ake cusa shi ma dabam ne, domin na AK maƙala shi ake yi a karkace a janyo baya, na Tavor kuwa tura shi ake yi kai-tsaye. Daƙiƙa biyu ko uku ne za su salwanta, amma a kwanton ɓauna daƙiƙa uku ba ƙaramin lokaci ba ne. Komawa daga mai gida a baya zuwa mai gida a gaba ma haka take, hannu baya zai nufa ya dawo wayam.

Akwai wasu bambance-bambancen da ba a ganin su sai an riƙe bindigar. Tunda an raba kunama da kayan cikin da take motsawa, sai an haɗa su da wata doguwar sanda ta ƙarfe, kuma wannan yakan sa kunamar ta yi tauri ko ta yi lagwab-lagwab, ta yadda wanda ya saba da wata kunamar zai riƙa fizgewa har ya kauce wa saiti. Sauya gidan harsashi ga wanda yake kwance rub-da-ciki ya fi wuya, domin sai ya ɗaga ƙirji ko ya karkatar da bindigar. In ta cushe, wurin da zai duba yana daf da kuncinsa. Bakin bindigar kuma ya matso kusa da hannun da ke tallafe ta, don haka wanda ya saba miƙa hannu can gaba a kan doguwar bindiga yana buƙatar a sake masa tarbiyya tun kafin a ba shi harsashi mai rai. Sannan yawancin irin waɗannan bindigogi an yi su ne don a ɗora musu madubin saiti, wanda yake da tsada, yake kuma buƙatar kulawa a cikin ƙurar hunturu.

Sai batun bahago, wanda a ganina ya shafe mu fiye da yadda ake zato. Duk lokacin da aka yi harbi, bindiga tana tofar da kwanso mai zafi ta gefen dama. A AK tagar da kwanson yake fita tana gaban fuska da tazara, shi ya sa bahago yana iya ɗora ta a kafaɗar hagu ya yi aikinsa. A mai gida a baya tagar tana daidai kunci. SA80 ta Ingila ba a harba ta daga kafaɗar hagu sam, dole kowa ya koma badama. Tavor da AUG da FAMAS ana iya juya su su dace da bahago, amma sai an kwance su an sake jera sassa, wani lokaci har da sauya wasu, kuma bindigar da aka juya ta zama ta mutum ɗaya, abokinsa ba zai ɗauke ta a fagen fama ya ci gaba da ita cikin sauƙi ba. A gidajenmu ana hana yaro ci da hagu tun yana ƙarami, har ya girma ana ɗaukarsa badama, alhali ƙarfinsa da idon saitinsa suna hagu. Irin wannan mutum AK tana rufa masa asiri. Ko ga badama na ainihi, akwai lokacin da kusurwar katanga take tilasta masa ya koma kafaɗar hagu domin kada ya fito da jikinsa fili.

Waɗanda suka riga mu

Abin lura shi ne, da yawa daga cikin ƙasashen da suka rungumi mai gida a baya sun juya. A 2016 Faransa ta zaɓi HK416 ta Jamus, mai gida a gaba, ta maye gurbin FAMAS. Dalilinta ya fi na kowa zama darasi a gare mu. Masana'antar Saint-Étienne da ke ƙera FAMAS ta rufe tun farkon shekarun 2000, ƙasar ta daina yin ƙananan harsasai a gida, samfurin farko na bindigar kuma yana da gidan harsashi nasa na kansa wanda bai dace da na ƙawayenta ba, yana kuma tsangwamar wasu harsasan da ake sayowa daga waje. Wato bindigar ba ta mutu a fagen fama ba, tushen da ke ciyar da ita ne ya bushe. Sa'annan a duba yadda Faransa ta tsara sauyin: an fara kawo sababbin a 2017, an shimfiɗa aikin har zuwa 2028, runduna bayan runduna. Shekara goma sha ɗaya ke nan, ga ƙasar da ke da kuɗi da filayen horo da makarantun masu gyara.

Ingila kuwa ta sha wuya da SA80 a yaƙin Tekun Fasha na 1991, inda rairayi ya riƙa cushe ta, har sai da aka miƙa kusan bindigogi 200,000 ga kamfanin Heckler & Koch ya sake musu kayan ciki daga shekarar 2000. Adalci ya sa in ce wannan laifin yadda aka ƙera ita SA80 ne, ba laifin ƙirar gida a baya gaba ɗaya ba, kuma Tavor an yi ta ne a ƙasa mai rairayi. Amma duk da gyaran, a 2023 Ingila ta zaɓa wa wasu zaratan rundunoninta bindiga mai gida a gaba. Sin ta nuna QBZ-191 a faretin 1 ga Oktoba 2019, ita ma gidanta a gaba. New Zealand ta ajiye AUG tun 2017.

Akwai waɗanda ba su juya ba, kamar Ostiriya da Ostareliya da Singafo. In aka duba su za a ga abu guda ya haɗa su: kowace a cikinsu a gida take ƙera tata. Mu kuwa abin da muka sani a gida dangin AK ne. Masana'antar ƙera makamai ta DICON da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1964, ta yi samfurin FN a baya, ta kuma fito da OBJ-006, wadda kwafin AK-47 ce. Ko Beryl M762 ta Poland da sojojinmu suka saya a shekarun baya, jikar AK ce, harsashinsu ɗaya. Duk barikin da ka shiga akwai wanda zai kwance AK ido rufe. Wannan dukiya ce da aka tara cikin shekaru masu yawa, ko da yake ba ta bayyana a takardar kasafi.

Batun harsashi

A nan ne masu son sauyi suke da hujjarsu mafi ƙarfi, kuma ba zan tsallake ta ba. AK tana cin harsashi mai awon 7.62×39, Tavor kuwa 5.56×45 na NATO. Ɓarayin daji AK suka fi riƙewa. Ke nan duk harsashin da ya zurare daga hannun hukuma, ko ta hanyar ƙwace ko ta hanyar cin amana, kai-tsaye yake shiga bindigar ɓarawo. Zurarewar kuwa ba zargi ba ne na teburin mai shayi. Rahoton babban mai binciken kuɗi na tarayya na shekarar 2019 ya nuna cewa zuwa Disamba 2018 makamai 178,459 sun ɓace daga hannun rundunar 'yan sanda, kuma 88,078 daga ciki AK-47 ne. Ƙungiyar Conflict Armament Research, a rahotonta na Janairu 2020 kan makaman da aka kama a Zamfara da Katsina da Kaduna, ta gano cewa wasu sun fito ne daga rumbunan jami'an tsaron Nijeriya, wasu kuma an shigo da su ta ƙasashen Sahel. Saboda haka, in ji masu wannan ra'ayi, a ba soja bindigar da harsashinta ba ya shiga ta ɓarawo, sai kasuwar ta mutu.

Hujjar tana da kyau, amma ta haɗa abubuwa biyu da ba dole su tafi tare ba. Awon harsashi dabam, wurin da gidan yake dabam. Akwai bindigogi masu gida a gaba da yawa da ke cin 5.56, har a cikin dangin AK, don haka wanda yake son ya raba harsashinsa da na ɓarawo yana iya yin haka ba tare da ya rikita hannun soja ba. Sa'annan wanda ya sayar da harsashi jiya, gobe zai sayar da bindigar da harsashinta tare, wanda kuma ya ƙwace makami a harin sansani duka biyun yake kwashewa. Maganin zurarewa shi ne lamba a jikin kowace bindiga da kowane rukunin harsashi, da rajistar da ake dubawa, da hukunci. Yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai ta tanadi sanya irin wannan lamba, kuma tun 2021 Nijeriya take da cibiya ta ƙasa da aka ɗora wa wannan aiki.

Ta ɗaya gefen kuma, a dubi halin ayarin da na gani a hanyar Anka. Mutum biyu suna da 5.56, sauran suna da 7.62. In faɗa ya yi tsawo, harsashin mutum biyun ya ƙare, babu wanda zai iya jefa musu nasa, domin ko gidan ba zai shiga ba. Rundunar haɗin gwiwa da ke aiki a yankin, wadda a da ake kira Hadarin Daji, yanzu kuma Fansan Yamma, ta ƙunshi sojan ƙasa da na sama da 'yan sanda da sauran jami'ai. Kowane ƙarin nau'in harsashi ƙarin akwati ne da sai an ɗauko daga Gusau, an bi da shi ta hanyar da ita kanta ba ta da aminci, an kuma tabbatar ya isa ga mutumin da ya dace. Tun da can muna fama da 7.62 iri biyu, na AK da na G3 da FN, masu suna kusan ɗaya amma ba sa shiga bindigar juna.

Ya kamata kuma mu tambayi kanmu ko tsawon bindiga ne ya ci mu a ranakun da aka fi cin mu. Daga 4 zuwa 6 ga Janairu 2022 an bi ƙauyukan Anka da Bukkuyum ana kisa da ƙone-ƙone. Mazauna suka ce mamatan sun kai 200, gwamnatin jiha ta ce 58. Ko wanne adadi aka ɗauka, harin da ya ɗauki kwanaki ana yi magana ce ta yawan dakaru, da hanya, da sadarwa, da saurin kai ɗauki. Da a ce kowane soja a Zamfara yana riƙe da Tavor a wannan mako, ban ga yadda hakan zai kai shi wurin da wuri ba. Kuɗin da za a kashe wajen sauya bindigar bataliya guda, da madubanta da gidajen harsashinta da kayan gyaranta, in aka zuba shi a babura da man fetur da na'urorin sadarwa da harsashin atisaye, ina da yaƙinin mutumin Gwashi zai fi ganin bambanci.

Askarawa da masu talla

Maganar ba ta tsaya ga sojan tarayya ba. A Yuni 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta yi kira ga jama'a su nemi lasisin mallakar bindiga, a Janairu 2024 kuma Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara, matasa fiye da 2,600. Dokar makamai ta 1959 ta sa bindigogin yaƙi a rukunin da sai da izinin shugaban ƙasa ake mallaka, don haka abin da ya fi yawa a hannun 'yan sa-kai da askarawa shi ne bindigar toka da harba-ka-ruga da bindigar farauta ta bature. Sai dai masana'antun Turkiyya suna yin bindigogin farauta masu siffar gida a baya, masu kyan gani da ɗaukar ido, kuma ba abin mamaki ba ne wata rana dillali ya shimfiɗa su a teburin wani jami'i. In sojan da ya yi watanni a Depot na Zariya yana buƙatar sabon horo kafin ya sauya ƙira, ina ga matashin da aka horar na 'yan makonni, wanda ya tashi da bindigar kakansa mai dogon bututu? A wurinsa haɗarin harbin kuskure, a kan kansa ko ɗan'uwansa, ya fi kusa. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Ban ce a tattara Tavor a kulle a rumbu ba. Ƙaramar rundunar da aikinta shiga gine-gine ne, ko rakiyar manya a mota, wadda tun ranar farko da ita aka horar da ita, take da mai gyaranta da akwatin harsashinta, a bar mata kayanta. Abin da nake adawa da shi shi ne a ba mutum AK a Borno, a ba shi mai gida a baya da aka turo shi Zamfara, bayan wata shida a mayar da shi ga AK, kawai domin abin da ya samu a rumbu ke nan. Haka kuma ina adawa da a cakuɗa ƙira biyu da harsashi biyu a cikin ayari ɗaya in ba da wani dalili na aiki ba. In kuwa wata rana ƙasar ta yanke shawarar sauyawa gaba ɗaya, to a yi shi runduna bayan runduna, a janye su daga daji tukuna, a ba su harsashin atisaye mai yawa da dare da rana, a tantance bahagwai, a fara horar da masu gyara kafin a buɗe akwatin farko.

'Yan majalisarmu na tarayya da ke wakiltar Anka da Gummi da Bukkuyum suna da damar yin tambaya a duk lokacin da aka kawo kasafin tsaro. Ina so in ji ɗayansu ya tambayi harsashi nawa kowane soja ya harba da sabuwar bindigar kafin a ɗora shi a mota zuwa Ɗaki Takwas, ya kuma tambayi inda mai gyaranta yake zaune, a Anka ne ko a Gusau ko a Abuja. Kawuna ya ce a zamaninsu, in AK ta samu matsala a daji, kafin a gama dafa shayi wani a cikin ayarin ya tayar da ita da sassan wata da ta mutu. Da na nuna masa hoton Tavor a wayata, ya daɗe yana juya wayar, sannan ya tambaye ni ta ina ake buɗe ta.